Gidajen Wanka da Daren Amurka, 1960 zuwa 1985: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan batu ɗaya: gidajen wanka, mashaya da gidajen rawa na maza masu neman maza a Amurka, a shekarun da Turawan Yamma suka sassauta tsofaffin ƙa'idojinsu na jima'i. Yawancin masu tambayar sun ci karo da batun ne wajen karatun tarihin cutar ƙanjamau. Mun zaɓi shida.

Malam Habibu ya ce: Duk littafin tarihin ƙanjamau da na buɗe sai na ga an ambaci "gidajen wanka" na New York da San Francisco. Wanka ake yi a ciki da gaske, ko suna ne kawai? Daga ina suka samo asali?

Malam Habibu, da fari wanka ne tsantsa. A ƙarshen ƙarni na 19 gidajen hayar talakawan New York ba su da banɗakin wanka, don haka mutum kan biya kuɗi ya shiga gidan wanka irin na Turkiyya ko na Rasha, ya sha tururi, a cuɗa masa jiki, wani ma ya kwana. Gidan Everard da ke titi na 28 a Manhattan, wanda wani attajiri mai kamfanin giya, James Everard, ya buɗe a 1888, irin wannan ne. Wuri ne na maza zalla, ana tuɓe kaya bisa dalili, ba a rufewa da dare, kuma akwai ɗakunan hutawa. Waɗannan abubuwa huɗu su suka jawo maza masu neman maza, domin a lokacin doka a kowace jiha ta Amurka ta haramta abin da suke yi. Mai gidan haya na iya korar mutum, wurin aiki ma haka, otal kuma na sa ido kan maza biyu da suka nemi ɗaki ɗaya.

Hukuma ta sani tun da wuri. A Fabrairun 1903 'yan sanda sun kai samame gidan wanka na otal ɗin Ariston a New York, aka gurfanar da mutum 12, aka ɗaure bakwai, hukuncin ya kama daga shekara huɗu zuwa 20. Da famfo ya shiga gidajen jama'a, masu zuwa don wanka kawai suka ragu, masu gidajen kuma suka gane su wa ke riƙe da kasuwarsu, sai suka kawar da kai.

Abin da ya sauya a shekarun 1960 shi ne mallaka. Illinois ta zama jiha ta farko da ta soke dokar luwaɗi, sokewar ta fara aiki a 1962. A 1965 Jack Campbell ya buɗe gidan farko na Club Baths a Cleveland, wanda daga baya ya yi rassa a birane da dama na Amurka da Kanada. A 1968 Steve Ostrow ya buɗe Continental Baths a ƙarƙashin ginin otal ɗin Ansonia a New York. Waɗannan tun daga tushe don waɗannan maza aka buɗe su, ba gidajen wanka na kowa da a hankali suka rikiɗe ba ne, kuma an ga bambancin a tsabta, haske da yadda ma'aikaci ke yi wa baƙo magana.

Malama Rabi, ɗalibar tsabtar muhalli, ta ce: Ina son sanin tsarin ginin da yadda ake tafiyar da shi, da kuma inda haɗarin lafiya yake ban da cututtukan jima'i.

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina, Malama. Ƙofar waje ba ta ɗauke da babban allo. Mai shiga zai tarar da ma'aikaci a bayan taga, ya biya, a wasu gidajen ya nuna katin zama ɗan ƙungiya, domin rajistar wurin a matsayin kulob na 'yan ƙungiya ita ce garkuwar mai gida a kotu. Zaɓi biyu ne: loka, wato akwatin ƙarfe na ajiye tufafi, ko ɗaki, wanda ya fi tsada. Kuɗi da agogo a zuba su a ƙaramin akwati da ke wurin ma'aikaci. Sai a danna maɓalli ƙofar ciki ta buɗe, a miƙa masa tawul da makulli ɗaure a zoben roba da zai saƙala a hannu ko a ƙafa. Kuɗin na wa'adi ne, galibi awa takwas zuwa 12, wanda ya zarce ya ƙara biya.

Ɗakin da ake magana ɗan akurki ne: katifa siririya a kan dandamalin katako, ƙusar rataye tawul, ƙwan lantarki ɗaya. Bangayensa na falanki ne ko allon siminti marar kauri, kuma sau da yawa ba sa kaiwa rufi, sai a toshe saman da ragar waya don iska ta ratsa, ɓarawo kuma kada ya haura. Ki riƙe wannan bayanin, zai dawo a tambayar gobara. Ban da ɗakuna akwai wurin shawa, ɗakin tururi, sauna, kwamin ruwan zafi, babban ɗakin kwana mai gadaje a jere, da wurin shan shayi da kallon talabijin. Ba a cika magana a lungunan ba. Ƙofa a buɗe gayyata ce, wanda ba ya so kuma ya janye hannun mutum a hankali ya wuce, kuma wanda ya nace bayan an ƙi shi ma'aikata na iya fitar da shi.

Haɗarin farko zafi ne. Ɗakin tururi yana kai digiri 40 zuwa 45 da laimar da ta kusa cika ɗari bisa ɗari, don haka gumi ba ya bushewa, jiki ba ya samun hanyar hucewa. Sauna busasshe ne amma yana kai digiri 80 zuwa 100. Zafi na buɗe jijiyoyin jini, bugun jini ya sauka. Idan mutum ya sha giya kafin ya zo, ya kuma shaƙi sinadarin amil naitirait da ya yi tashe a lokacin, wanda shi ma buɗe jijiyoyi yake yi, sai jinin ya faɗi warwas: jiri, suma, kai ya bugu da tayil mai santsi. Minti 15 zuwa 20 ne iyakar zama ɗaya da ake ba da shawara, a fita a sha ruwa.

Na biyu kwamin ruwan zafi. Bai kamata ya wuce digiri 40 ba. Ruwa kaɗan ne, mutane da yawa, zafi da kumfa kuma suna cinye kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da sauri, ga gumi da man shafawa suna toshe matata. In ba a auna ruwan sau da yawa a yini ba, ana riƙe ma'aunin tsaminsa tsakanin 7.2 da 7.8, ƙwayoyin da ke kawo ƙurajen fata da ciwon kunne za su hayayyafa. Daɓe mai laima kuma gidan ƙwayar da ke cin tsakanin yatsun ƙafa ne, zanen gadon da ba a sauya ba bayan kowane baƙo yana ɗauke da ƙwarƙwata da ƙazuwa.

Malam Isiyaku ya ce: Na ji an ce 'yan Mafiya ne ke da mashayar Stonewall. Me ya haɗa su?

Kuɗi, da kuma doka da ta bar musu fili. Hukumar kula da sayar da giya ta jihar New York tana ɗaukar taruwar 'yan luwaɗi a mashaya a matsayin rashin ɗa'a, tana iya ƙwace lasisi a kan haka. Ɗan kasuwa mai son zaman lafiya sai ya guje su. Wanda zai iya sayar da giya ba lasisi, ya kuma riƙa sallamar 'yan sandan unguwa, shi ya rage a fagen, wato 'yan Mafiya, gungun manyan masu aikata laifi. A ranar 21 ga Afrilun 1966 'yan ƙungiyar Mattachine, mai fafutukar haƙƙin 'yan luwaɗi, suka shiga mashayar Julius' tare da 'yan jarida, suka faɗi ko su wane ne, suka nemi a zuba musu abin sha, aka hana su, domin su samu hujjar ƙalubalantar ƙa'idar. Ta sassauta bayan haka, amma kasuwar ta daɗe a hannun da take.

Stonewall Inn, mashayar 'yan luwaɗi a titin Christopher na New York, mutanen gidan Mafiya na Genovese ne suka buɗe ta a 1967 da sunan kulob na 'yan ƙungiya. Mai gadi na leƙowa ta huda a ƙofa kafin ya buɗe. A biya kuɗin shiga, a karɓi tikitin abin sha, a sa hannu a littafi, kusan kowa da sunan ƙarya. Babu famfo a bayan kantar sayar da giya, a baho ake ɗauraye kofuna a sake zubawa har gari ya waye. Giyar surki ce, kuma ba ƙofar gudu ta baya. Abin da ya riƙe mutane duk da haka shi ne an yarda maza su yi rawa da juna, abin da ba kasafai ake samu ba. In 'yan sanda sun doso sai a kunna farin haske, kowa ya saki abokin rawarsa.

Da misalin ƙarfe ɗaya da minti 20 na daren 28 ga Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame Stonewall, mutane suka ƙi watsewa, rikicin ya ɗauki kwanaki. Shekara guda cif bayan haka aka yi tattakin farko na tunawa da ranar. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire luwaɗi daga jerin cututtukan taɓin hankali. Sai dai kada ka ɗauka samame ya ƙare a nan. A Toronto ta Kanada, ranar 5 ga Fabrairun 1981, 'yan sanda sun afka wa gidajen wanka huɗu a dare ɗaya, suka fasa ƙofofi, suka kama kusan mutum 300, kashegari dubbai suka fito zanga-zanga, kuma yawancin tuhume-tuhumen ba su yi tasiri a kotu ba.

Malama Binta ta ce: Gaskiya ne wasu manyan mawaƙa daga gidan wanka suka fara?

Gaskiya ne. Continental na da dandamali da filin rawa a gefen kwamin ninƙaya, kuma a farkon shekarun 1970 Bette Midler ta yi ta waƙa a can, Barry Manilow na kaɗa mata fiyano, masu sauraro na zaune da tawul a ƙugu. Larry Levan da Frankie Knuckles, matasa baƙar fata biyu, a nan suka goge a sana'ar haɗa faya-fayai. Levan ya koma gidan rawa na Paradise Garage a New York, wanda ya yi aiki daga 1977 zuwa 1987, Knuckles kuma ya tafi gidan rawa na Warehouse a Chicago, inda kiɗan da ake kira house ya samo sunansa. Fasaharsu ita ce na'urar faifai biyu da mahaɗin sauti: a daidaita bugun waƙa ta biyu da ta farko, a shigo da ita kafin waccan ta ƙare, rawa ba ta yankewa har asuba. Wasu gidajen ba sa sayar da giya sam, sai ruwa da 'ya'yan itace, wanda ya fitar da su daga hannun hukumar giya da dokar lokacin rufewa.

Shahara ce ta ci Continental. Da aka fara barin maza da mata 'yan kallo su shigo da kayansu a jiki, ainihin masu zuwa suka ji an mai da su abin kallo, suka janye. A tsakiyar shekarun 1970 aka rufe.

Malam Ɗanladi, ma'aikacin kashe gobara, ya ce: Me ya sa gobarar irin waɗannan wurare take cin rai da yawa?

Malam Ɗanladi, kai ka fi mu sanin cewa hayaƙi ke riga wuta kisa. Gidan Everard ya kama da wuta da safiyar 25 ga Mayun 1977, mutum tara suka mutu, hawa biyu na sama suka ƙone. Duk abin da aka yi don ɓoye mutanen ciki shi ya hana su fita. An toshe tagogi da alluna don kada a hango daga titi, sai ya zama ba mafitar hayaƙi, ba ta mutum. Bangayen da ba su kai rufi ba sun bar hayaƙi ya malale saman dukkan ɗakunan lokaci guda, ya sauko kan masu barci ta ragar waya. Katifun soso na ci da sauri, suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Lungunan matsattsu ne, masu kwana-kwana, da gangan aka rage musu haske, kuma mutum ya farka ba takalmi, ba kaya, wataƙila da maye, cikin ginin da bai san taswirarsa ba. Abin da ya fi ciwo: an riga an umarci mai gidan ya sa bututun yayyafa ruwa na rufi, an ɗora bututun, amma ranar da wutar ta tashi ba a haɗa su da ruwa ba.

Shekara huɗu kafin nan, ranar 24 ga Yunin 1973, an cinna wuta a matattakalar mashayar UpStairs Lounge da ke hawa na biyu a New Orleans. Matattakalar katako ce, ita ce hanyar shiga. Da aka buɗe ƙofar sama sai ta zama kamar bututun hayaƙi, wutar ta faɗo ɗakin gaba ɗaya. Tagogin na da sandunan ƙarfe, sai siraran mutane ne suka iya kurɗawa. Wani ma'aikaci ya fitar da wasu ta ƙofar baya da yawancin baƙi ba su san da ita ba. Mutum 32 suka rasu, wasu gawawwakin ba wanda ya zo ya karɓa, kuma ba a hukunta kowa ba.

A ganinmu tushen matsalar ɗaya ne a wurare biyun. Baƙon da ke tsoron sunansa ya fita a jarida ba zai kai ƙarar ƙofar da aka garƙame ba, mai gida ya san haka, jami'in da ya saba zuwa karɓar rabonsa kuma ba ƙofar gudu ya zo dubawa ba.

Malama Hauwa, ma'aikaciyar jinya, ta ce: Shin gidajen wanka ne suka yaɗa ƙanjamau, kuma rufe su ya yi amfani?

Bari mu fara kawar da kuskure ɗaya, Malama, domin har yau ana yin sa: ƙwayar HIV ba ta bin tururi, ruwan kwami, tawul ko kofi. Hanyarta jini ne da ruwan jima'i da nonon uwa. Abin da gidan wanka ya yi shi ne sauƙaƙa wa mutum ɗaya saduwa da mutane da yawa cikin ɗan lokaci, ba kwaroron roba, domin a wancan zamani ana ɗaukar kwaroro kayan hana ciki ne kawai. Tunjere da ciwon sanyi kuwa an raina su, tunda allurar fenisilin ko 'yan ƙwayoyi na kawar da su. Likitocin shekarun 1970 sun riga sun ga alamu: tunjere, ciwon sanyi, atini da sauran ƙwayoyin hanji, da ciwon hanta nau'in B da ya yi katutu. Yawan ciwon hantar ne ma ya sa Dokta Wolf Szmuness na cibiyar jini ta New York ya gwada rigakafinsa a kan maza fiye da 1,000 daga cikinsu tun daga 1978, gwajin ya yi nasara, aka amince da allurar a 1981.

Abu uku suka haɗu suka ba HIV dama. A makonnin farko bayan kamuwa ƙwayar na da yawa ƙwarai a jini, mutum kuma garau yake ji, don haka mai abokan hulɗa da yawa a wata guda yana miƙa ta a lokacin da ta fi kaifi. Gyambon tunjere da kumburin ciwon sanyi suna buɗe mata ƙofa. Sannan tana ɗaukar kimanin shekara 10 kafin ta kwantar da wanda ba ya shan magani. Lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton matasa biyar na Los Angeles masu wani baƙon ciwon huhu, ranar 5 ga Yunin 1981, ƙwayar ta yi shekaru tana tafiya. Akwai hujja a kan haka. Asibitin cututtukan jima'i na birnin San Francisco ya adana jinin maza fiye da 6,000 da aka ɗiba don binciken ciwon hanta daga 1978. Da aka samu hanyar gwaji aka koma kan wani kaso na jinin: ƙasa da kashi biyar cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar a 1978, zuwa 1984 kuwa kusan biyu cikin uku. Waɗannan masu zuwa asibitin ne, ba dukkan mazan birnin ba, amma saurin hawan ya isa ya nuna abin da ya faru.

Muhawarar rufewa ta raba kan al'ummar kanta. Wasu likitoci da 'yan gwagwarmaya suka ce kowane dare da aka bari a buɗe rayuka ne. Wasu suka ce an bar jaki ana dukan taiki: hali ke yaɗa cuta ba gini ba, in an rufe za a koma lambuna da gidajen da ma'aikacin lafiya ba zai kai ba, kuma hukumar da ta yi shekara 80 tana fasa ƙofofin nan ba ta cancanci a miƙa mata makulli ba. Ranar 9 ga Oktoban 1984 shugaban sashen lafiya na San Francisco, Dokta Mervyn Silverman, ya ba da umarnin rufe wurare 14. Wasu suka sake buɗewa cikin sa'o'i. A Nuwamba kotu ta ce su ci gaba da aiki bisa sharaɗi: a cire ƙofofin ɗakuna, a sa masu sintiri, a fitar da duk wanda aka gani yana abin da ke da haɗari. Kasuwa ba ta ɗauki wannan ba, na ƙarshensu ya rufe a 1987. A New York jiha ta fitar da ƙa'idar gaggawa a Oktoban 1985, aka garƙame kulob ɗin Mineshaft a Nuwamba, gidan wanka na St. Marks a Disamba, duk da cewa shi St. Marks yana raba kwaroro da takardun gargaɗi a bakin taga.

Hukuncinmu shi ne rufewar ta yi kama da ihu bayan hari, ko da yake tsoron da ya haifar da ita na gaskiya ne. Babban laifin yana shekarun 1982 da 1983, lokacin da ake da ƙwaƙƙwaran zaton cewa ta jima'i cutar ke tafiya, amma masu gidaje da dama suka ƙi liƙa ko takardar gargaɗi don kada baƙi su gudu, gwamnatin tarayya kuma ta yi jan ƙafa wajen kuɗin bincike da wayar da kai. Abin da ya fi rage yaɗuwar daga cikin al'ummar ya fito: ƙungiyar Gay Men's Health Crisis da aka kafa a New York a 1982, ɗan littafin da Richard Berkowitz da Michael Callen suka fitar a 1983 da taimakon likitansu Joseph Sonnabend, wanda ya kawo shawarar amfani da kwaroro tsakanin maza tun kafin a tabbatar da ƙwayar, da tarukan unguwa inda ake bayani dalla-dalla. Alƙaluman ciwon sanyi tsakanin waɗannan maza a San Francisco sun fara faɗuwa tun kafin umarnin Silverman. An gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Faransa a 1983, gwajin jini ya samu amincewa a Amurka a Maris na 1985, haɗin magunguna masu danne ta kuma sai 1996.

Biranen da ba su rufe nasu ba sun bi wata hanya: lasisi da sharuɗɗa, kwaroro kyauta a kowane ɗaki, da ɗan ofis a ciki inda ma'aikacin lafiya ke ɗibar jini da dare, lokacin da asibiti ke rufe, daga mutanen da ba za su taɓa zuwa da ƙafarsu ba. San Francisco ta riƙe sharaɗin hana ɗaki mai kulle da na masu sintiri har 2020, sannan majalisar birnin ta soke su.